Takardar da Baba Ya Ɗinke Cikin Jar Fata

Ban taɓa ganin Baturen ba. Ya bar Dakoro kafin a haife ni. Amma na haura shekara sittin ina dogara da wata magana tashi, don haka zan faɗi abin da na sani game da shi bi da bi, yadda mahaifinmu ya faɗa mana, sannan in zo kan abin da ya same mu ni da yayata.

A Ingila aka haife shi, ko da yake Turawan da ke mulkinmu Faransawa ne. Yana saurayi ya kama aiki a wani kanti a Kano, can ya koyi Hausa, Hausar Kano, wadda har ya bar ƙasar nan mutane suna kwaikwayonta suna dariya. Daga Kano ya zo Maraɗi sayen gyaɗa. Gyaɗa ba ta karɓe shi ba, manya sun riga shi, sai ya koma ga fatar jar akuya, wadda aka ce a ƙasarsu da ita ake ɗinka wa mata safar hannu. Neman fata ne ya kawo shi Dakoro, lokacin garin bai wuce ƴan unguwanni ba. Ya gina kanti mai ɗaki biyu da daɓen siminti a bakin gari, ya kafa doguwar rumfa ta shanya, ya ɗauki mahaifinmu ya zama mai zaɓar mashi fata.

Ga yadda aikin yake. Ranar kasuwa mahautan gari da masu zuwa daga Kornaka da Bader Goula, har da makiyayan Tagriss, sukan kawo fatu. Baba zai ɗaga kowace fata ya dubi rana ta cikinta, ya shafa ta da hannu, ya jefa ta cikin ɗayan tari uku. Tari na ɗaya, fatar da wuƙa ba ta taɓa ba, kuma a inuwa ta bushe. Na biyu, mai yanka ɗaya ko biyu a gefe. Na uku, wadda aka shanya a ƙasa rana ta ƙone ta, ko wadda mai fiɗa ya huda a tsakiya. Inda Baba ya jefa, nan take zama. Baturen kanshi bai taɓa tsame fata daga wani tari ya mai da ta wani ba. Baba ya yi ɗakin ƙasa a bayan rumfar, ya zauna da mahaifiyarmu, ya dasa itatuwan bedi, wato dogon yaro, a jere ya raba gidan da wurin aiki saboda wari.

Daga baya aka buɗe majalisa a Yamai. A lokacin Turawa na da akwatin ƙuri'arsu daban, mu ma da namu daban. Baturen ya karɓi takardun zama ɗan Faransa, ya tsaya, ƴan uwanshi ƴan kasuwa suka zaɓe shi konseye, wato ɗan majalisa. Tun daga nan ya fara nisa. Da, kowace kasuwa yana nan. Ya koma wata-wata, ya koma sau biyu a shekara. In ya zo, da fararen kaya yake zuwa, ya tsaya daga bakin rumfa da hankici a hanci, mutumin da a da da haƙori yake gwada kaurin fata. Maganarshi ta zama ta hanya da rijiya. Wasu sun ce akwai rijiyar da aka gina da bakinshi, wasu sun ce ƙarya ne. Baba bai taɓa shiga wannan gardamar ba.

Da aka haɗe akwatunan suka zama ɗaya, ya sake tsayawa. Ya bi kasuwanni da kamyo, babbar motar kaya, yana raba sukari, yana jawabi da Hausarshi ta Kano. Aka sha sukarin, aka kada shi. Baba ya ce mahauta sun yi kwana uku suna murna, don a wurinsu ba konseye suka kada ba, tari na uku suka kada. Bai daɗe ba ya rufe kantin. An ce ya koma ƙasarshi, can ya mutu. Wanda ya kawo labarin ma ji ya yi.

Ranar da zai tafi, ana loda kamyo, Baba ya tare shi ya ce, “Mu fa? Wannan wurin fa?” Baturen ya ce, “Zauna abinka, wa zai tashe ka?” Sannan ya jingina da kanta, ya rubuta takarda da hannunshi, ya buga mata hatimi, ya miƙa ya ce, “Riƙe wannan, za ta yi maka amfani wata rana.” Maganganu biyu ne, ɗaya na bin ɗaya. Baba ya haɗa su suka zama guda.

Bai yi sakaci ba. Ya kai takardar wurin komi, wato magatakardan kumandan, Baturen mulki. Komi ya juya ta, ya daɗe yana kallon hatimin, ya ce, “Takarda ce mai ƙarfi, ka ɓoye ta da kyau.” Baba ya dawo ya zaɓi fatar tari na ɗaya, aka jeme mashi ita, ya ninke takardar ya ɗinke ta ciki da hannunshi kamar laya. Ya kafa mana doka: ba a buɗe ta sai ranar da aka zo tashin mu, don takarda daga ninki take mutuwa, kowace buɗewa tana rage mata kwana.

Yanzu sai nawa laifin.

Na yi lekwal, wato makarantar boko, shekara shida, na samu sartifika, na yi aikin riƙon mangaza, wato ɗakin ajiyar iri, har na ajiye. Duk tsawon aikina ban taɓa karɓar buhu ban kwance bakinshi na duba ba. Bayan Baba ya rasu, mijin yayata ma ya rasu, ta dawo gidan. Ɗakin ƙasa ya riga ya tsufa, sai ta shiga ɗakin kantin, mai sanyi, mai daɓe. Ni na yi nawa gidan a wata unguwa. Ta fi shekara ashirin a wannan ɗakin. A nan take kaɗinta, a ƙofarshi take sayar da ƙuli-ƙuli, a nan jikokinta ke samunta.

Wata shekara aka yi ta shela a rediyo cewa duk mai tsohon wuri ya kai shaidu gaban mai gari a rubuta mashi takardar mallaka. Yaya ta aiko aka kira ni.

“Auta,” haka take kirana har yau da furfurata, “ka ji abin da rediyo ke faɗi? Ka tattara tsofaffin nan tun suna da numfashi.”

Na ce, “Yaya, shaida ta wanda ba ya da takarda ce. Mu muna da ta Bature, da hatimin majalisa.”

“Ka karanta ta?”

“Baba ya hana.”

“To, kai ne ɗan lekwal,” in ji ta, ta ci gaba da kaɗi.

A lokacin mutum huɗu ne suka rage cikin waɗanda suka ga zaman Baba a wurin tun farko. Limamin unguwa ya fara tafiya. Maƙerin da muke katanga ɗaya ya bi shi bayan damina biyu. Sai tsohon direban kamyon, wanda yana tsaye aka miƙa takardar. Duk na je jana'izarsu, na dawo gida hankalina kwance. Na huɗun wani mahauci ne wanda na daina gaisarwa tun rasuwar Baba. Ranar sadakar uku, a cikin mutane, ya ce, “Yau mai zaɓe ya tahi inda za a zaɓe shi. Mu ga wane tari za a jefa shi.” Wasu suka yi dariya a ɓoye. Na tashi na nuna mashi ƙofa. Tun ranar, in na hango shi sai in sauya hanya.

Gari ya girma ya haɗiye mu, bakin gari ya zama tsakiya. Wata safiya masu awo suka zo suka kafa turakun siminti, ɗaya a daidai ƙofar Yaya. Aka ce za a fitar da hanya a yanka filaye, duk mai takarda ya kai biro, wato ofishin filaye, kafin wata ya ƙare. Wanda ba ya da ita, kuma ba ya da shaida, wurin ya koma na gwamnati.

Yaya ta jawo akwatinta, ta fito da kwano, cikin kwanon tsumma, cikin tsumman layar. Fatar ta yi baƙi-baƙi, amma ɗinkin Baba ko zare ɗaya bai saki ba.

“Ranar ta zo ke nan,” ta ce.

“Ta zo. Ki kwantar da hankalinki, kafin azahar na dawo.”

Na sa babbar riga. Ma'aikacin biron sa'an ɗana ne, mai ladabi. Na ajiye mashi layar a kan tebur.

“Baba, laya ka kawo mani? Ni ba ni da ciwo.”

“Takarda ce. Ba ni reza.”

Na farke ɗinkin da kaina, zare bayan zare, don kada in yanki abin da ke ciki. Takardar ta yi ja, amma rubutun na nan. Ya buɗe ta da yatsa biyu, ya duba, ya sake dubawa.

“Baba, wannan ba Faransanci ba ce. Ingilishi ce, kuma rubutun hannun mutanen da ne. Ka kai ma mushen kwaleji, malamin Ingilishi, ya fassara, ka dawo.”

Sai a lokacin na gane abin da ya sa komi ya tsaya kallon hatimi. Shi kaɗai ya iya karantawa a jikin takardar, kuma bai so ya ce ma mai warin fata bai iya ba.

Na samu mushen a gindin itace lokacin hutun tsakar rana, yana cin wake da shinkafa. Ya wanke hannu kafin ya karɓa. Ya karanta a zuci, sannan ya fassara mani a hankali. Takardar ta ce mai ɗauke da ita ya yi shekaru yana zaɓar ma mai rubutun fata. Ta ce idonshi ba ya kuskure, ba ya karɓar toshiyar baki, bai taɓa makara ba. Ta ce duk wanda ya ɗauke shi aiki ba zai yi da-na-sani ba. Sai sa hannu, sai hatimi.

“Ci gaba,” na ce.

“Ta ƙare, Baba.”

“Maganar fili fa? Kanti, rumfa, gida?”

“Babu. Takardar shaidar aiki ce.”

“Duba baya.”

Ya juya ta ya nuna mani. Babu komi. Ya ce, “Amma mahaifinka mutumin kirki ne, wallahi. Ba kowa Bature ke rubuta ma haka ba.” Na yi mashi godiya. Na ninke takardar na tashi.

Ban koma gida kafin azahar ba. Na zauna a masallaci har la'asar, sannan na je. Yaya na ƙofar ɗaki, ta jingina tiren ƙuli-ƙulinta da turken simintin, don ta ce tun da an kafa shi sai ya yi aiki. Na faɗa mata duka, ban rage ba. 

“Kai da ba ka karɓar buhu sai ka kwance,” ta ce.

“Na sani.”

“Liman ya tahi, maƙeri ya tahi, direba ya tahi.”

“Na sani, Yaya.”

“To ka san wanda ya rage. Tashi tun shi ma bai bi su ba. Kuma ka tuɓe wannan babbar rigar, ba biki za ka ba.”

Washegari da hantsi na sayi goro na tafi. Mahaucin ya tsufa ƙwarai, ido ya yi hazo, ƙafa ta daina ɗaukarshi, amma bakin na nan yadda na bar shi. Yana kwance a zaure a kan buzu. Na yi sallama, na durƙusa.

“Wa ke nan?”

“Ni ne, Kawu. Ɗan mai zaɓen fata.”

“Wane? Mai nuna ƙofa? Ai ka san inda tawa take, ka nuna ma kanka.”

“Kawu, na zo neman gafara.”

“Ƙarya kake. Mai neman gafara ba ya jira sai an kafa mashi turke a ƙofa. Labari ya riga ka zuwa. An ce takardar Bature ta ce ubanka ba ya makara.” Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. “Shi ba ya makara, ɗan ya makara da shekara talatin. Miƙo goron.”

Na miƙa. Ya lalubi ɗaya, ya shafa shi, ya kai hanci.

“Wannan ma na tari na biyu ne. Ka san fata nawa ubanka ya jefa mani a na uku? Ina saurayi, in tashi tun asuba in yi fiɗa, in ɗauko a kai, ya ɗaga ta sama kamar mai duban wata, ya yar. Ko kallona ba ya yi.”

“Aikinshi ne, Kawu.”

“Ka ga? Har yanzu bakinka bai mutu ba. Da mi ka zo?”

Na faɗa mashi. Na ce ba don ni ba, ni ina da inda nake kwana. Don Yaya ne, ta haura saba'in, ba ta da wani wurin. Ya ɓare goron yana tauna.

“Ita ba ta taɓa fasa gaishe ni ba,” ya ce. “Zan tahi. Amma ka ji da kyau. Abin da idona ya gani zan faɗa, ba abin da kake so ba. Ƙafata ɗaya na cikin kabari, ba zan ƙara ma kowa taki ɗaya ba.”

Ranar da aka sa, muka ɗauko shi a amalanken jaki. Mai gari ya zo, ma'aikacin biron ya zo da masu awo, maƙwabta suka taru. Aka tambaye shi abin da ya sani. Ya sa aka ja amalanken har gindin bedi na farko, ya dafa itacen.

“Wannan jeren, mai zaɓe ya dasa shi, ina gani, yana ɗebo ruwa da tulu yana ba su. Daga nan zuwa katangar maƙeri gidanshi ne. Nan ya zauna, nan aka haifi ɗiyanshi, nan aka yi mashi wanka. Ba wanda ya taɓa yi mashi gardama.”

Mai gari ya ce, “Kantin fa, da wurin rumfa?”

“Na Bature ne. Shi ya gina, shi ya rufe, ya tahi da mabuɗin a aljihu. Daga baya aka ɓalle kwaɗon. In ya ba wani, ban ji ba.”

Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ta taka mani ƙafa. Aka rubuta, ya dangwala yatsa. Daga bedi zuwa katanga ya zama namu da takarda. Kantin, da ɗakin da Yaya ta yi shekara ashirin a ciki, ya faɗa cikin hanya.

Da za a juya da shi gida na je na riƙe gefen amalanken na yi godiya. Ya ce, “Tari na biyu na jefa ku. Ubanku ko sau ɗaya bai yi mani wannan alherin ba.” Mai jaki ya kaɗa suka tafi. Bai kai damina ta gaba ba. Na je jana'izarshi, na zauna har sadakar uku.

An ba Yaya wata biyu ta kwashe. Na sa aka yaɓe tsohon ɗakin ƙasa, aka sake mashi rufi, muka mai da kayanta ɗakin da aka haife ta. Ya fi wancan ƙanƙanta, ya fi shi zafi, kuma ƙofarshi ba ta kallon hanya, don haka cinikin ƙuli-ƙulin ya ragu. Ba ta taɓa yi mani gori ba bayan wancan yammacin. Da ta yi, da ya fi mani sauƙi. Ranar da aka rushe kantin ba ta fito ba. Ni na tsaya har aka gama, don in tabbata ba a taɓa bedin ba.

Na sha zama ina auna Baturen. Ban ce ya cuce mu ba. Ya ce zauna abinka, kuma mun zauna fiye da shekara sittin. Ya ce takardar za ta yi amfani, yana nufin in Baba ya je neman aiki wurin wani Bature, sai dai bayan shi ba wani Baturen da ya sake zuwa sayen fata. Mutum ne da ya yi shekaru a majalisa, ya san yadda ake ba da fili in ya so bayarwa. Ina jin ranar hankalinshi na kan kamyo ne, ya ba da abin da ya fi sauƙin rubutawa a tsaye.

Sabuwar takardar na karanta ta sau biyu a gaban ma'aikacin kafin in karɓa, na sa aka yi mata kwafi uku. Da na kai ma Yaya, ta sa ta cikin kwano, sannan ta miƙo mani tsohuwar tare da fatarta.

“Kai ma baduku ya mai da ita yadda take.”

“Yaya, amfanin mi za ta yi kuma?”

“Ƙarya ya rubuta a kan Baba?”

“A'a.”

“To kai ta.”

Na kai. Baduku ya gwada, fatar ta bushe da yawa, duk inda ya soka allura sai ta tsage. Ya ce in kawo sabuwa. Na shiga kasuwa na yi ta ɗaga fatu ina duban rana ta cikinsu, ban san abin da nake nema ba, har mai fatun ya gaji ya zaɓar mani ɗaya da kanshi. Da ita aka ɗinke. Ɗinkin bai kai na Baba ba, Yaya ma ta faɗa, amma ta karɓa ta naɗe a tsumma ta mai da cikin kwanon, a ƙarƙashin sabuwar.